Faifan da Ba Ya Kwana a Gidan Kowa

Sunansa Sodangi, amma dangin ne Allah bai ba shi da yawa ba. Mahaifinsa tela ne a kasuwar Bodinga, ya rasu Sodangi na gama sakandare, mahaifiyar ta bi bayansa ba da jimawa ba. Ƙanwa ɗaya gare shi, Basira, ita kuma aure ya kai ta Kwantagora, sai da salla ake jin muryarta a waya. Ya zauna shi kaɗai a gidan gado, zaure da ɗaki biyu. Da damina ta kayar da ɗaya bai tayar ba, domin ba wanda zai sa a ciki.

Ba mugun mutum ba ne, hira ce bai iya ba. In ya je majalisa sai ya ɗosana a bakin tabarma yana shirya abin da zai faɗa, kafin ya gama shiryawa an bar zancen taki an koma na siyasa. Sai ya haɗiye abinsa ya yi murmushi. Wasu suka ce girman kai ne, wasu suka ce zurfin ciki, a ƙarshe dai aka daina matsa masa wuri in ya zo. Ya taɓa aure. Jummai ta zauna da shi iya haƙurinta, sannan ta nemi ya sawwaƙe mata. Ta gaya wa iyayenta bai taɓa zaginta ba, bai bar ta da yunwa ba, shirun ne ya ishe ta. Ya sawwaƙe mata, ya taya ta ɗaure kaya, kuma ko a ranar bai sami abin cewa ba.

Abin mamaki, in akwai aiki tsakaninsa da mutum, bakinsa buɗewa yake yi. Da tafireta ya fara, a gindin wani dogonyaro kusa da sakatariya, yana buga wa mutane takardun koke da na neman aiki. Tafiretar ta Turawa ce, ba ta san ƙa ba, ba ta san ɗa ba, balle ɓa. Sauran masu bugu ko a jikinsu, a rubuta kasa a karanta ƙasa, mai karatu ya gane da kansa. Sodangi kuwa sai ya zare takarda, ya ɗauki biro, ya bi baƙaƙen nan ɗaya bayan ɗaya yana lanƙwasa musu kai. Mai takarda na tsaye yana sauri, shi yana ta bayani, wai in ka gayyaci manyan baƙi ka manta ƙugiya, manyan baki ka gayyata, kuma su ne za su zo su share maka tukunya. A nan kaɗai ake jin dariyarsa. Daga nan aka sa masa Mai Ƙugiya, sunan ya bi shi.

Da kwamfuta ta shigo ta kori tafireta, ya tafi Sakkwato ya koya, ya dawo ya tarar ita ma da wannan ciwon ta zo. Akwai manhajar da ke rubuta baƙaƙen Hausa daidai, amma sai an girka ta a cikin kwamfuta, nan kuwa ake yin ta. Kwamfutocin da aka raba wa makarantu a kulle suke, wanda ya kawo su ya tafi da kalmar sirrin a kansa, ba ka iya girka komai a ciki. Na shagunan buga takardu cutar kwamfuta ta gama da su, kullum cikin wanke su ake, abin da ka girka yau gobe babu shi. Ga shi kuma ba iri ɗaya ba ne. Akwai mai tambarin taga, akwai mai tuffar da aka gatsa, akwai wata da malaman kimiyya ke yayi mai hoton tsuntsu mai tumbi, abin da wannan ta karɓa waccan sai ta tofar.

Gaskiya dai ba shi ya ƙirƙiri komai ba. Wasu bayin Allah ne a ƙasashen da bai taɓa takawa ba suka rubuta manhajojin, suka ce kyauta ne, kowa ya kwafa ya ba wani. Nasa aikin tattarawa ne, kuma ya yi shi da naci. Rani guda ya yi yana zarya wani shagon intanet a Sakkwato, ya sauke wannan ya gwada, ya watsar ya sauke wancan, har ya haɗa faifan CD ɗaya mai ɗaki uku a cikinsa, kowace irin kwamfuta da nata ɗakin. Ka tura faifan, ka danna, sai manhajar rubutu ta tashi daga kan faifan kanta, da baƙaƙenta da ƙugiyoyinta. Ba ta neman kalmar sirri, ba ta ajiye komai nata a cikin kwamfuta. Cuta ba ta kama faifan, domin in an riga an buga shi ba a ƙara rubuta komai a kansa. In ka gama ka zare, kwamfutar ta koma yadda take, kamar ba a yi ba.

Sai dai akwai wani abu guda. Takardar da aka rubuta da faifan, sai yana ciki take fitowa daidai. In aka buɗe ta babu shi, duk inda ƙugiya take sai ka ga ɗan akwati fanko a wurin. Ke nan in za a rubuta sai da shi, in za a buga a takarda ma sai da shi. Faifan kuwa ɗaya ne tak, yana aljihun gaban rigar Sodangi, cikin 'yar jakar da ya ɗinka masa da guntun shadda a keken mahaifinsa.

Daga nan kakarsa ta yanke saƙa. Wayar da ba ta kuka sai da salla ta koma ba ta hutawa. Malaman Hausa suna nemansa in jarrabawa ta zo, masu buga katin biki suna nemansa, sakatarorin ƙungiyoyin manoman albasa ma haka, har da wani mai rubuta waƙoƙin wa'azi da ya rantse ba za a buga masa baiti ɗaya babu ƙugiya ba. Sodangi ya sayi tsohon babur ya shiga hanya tsakanin Bodinga da Shagari da ƙauyukan da ke gefe. Mutumin da ba a matsa masa a tabarma, yau ga shi ana tashi a ba shi kujerar gaban kwamfuta, a kawo masa ruwan randa, a tambaye shi hanya. Yana bugu yana zance, ana dariya, wani ma har ya dafa masa kafaɗa. Da an gama sai ya zare faifansa, ya hura masa iska, ya goge da gefen riga, ya mayar aljihu. Faifan bai taɓa kwana a gidan kowa ba.

Duk cikin wuraren nan babu inda yake so kamar shagon Malam Ubaidullahi a Shagari. Tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya ya buɗe shagon buga takardu kusa da tasha, mutum mai fara'a da son zance, irin wanda zai yi tambaya ya ba kansa amsa ya kuma yi dariyar amsar. Wannan ya yi wa Sodangi daidai. Duk ranar kasuwar Shagari yana can tun da hantsi. Malam zai tara masa aikin mako a gefen tebur, ya fita da kansa ya sayo fura wurin matan Fulani, a dama a kwano ɗaya a sa ludayi biyu. Su yi azahar tare, su yi la'asar tare. A duk mako, ranar ce kaɗai Sodangi ke sa hannu a kwano da wani mahaluki. Sauran kwanakin, in za a faɗi gaskiya, jiran ta yake yi.

Wata rana suna cikin shan furar, Malam ya ce, “Mai Ƙugiya, wanga faifai naka, mi ka hana ka yi mani nau? Ka duba wahalad da kaka sha bisa hanya. In ina da shi nan, ai kai ma ka huta.”

Sodangi ya ajiye ludayi. Hutun nan da Malam ke yi masa fata, shi ne abin da ya fi tsoro a duniya. Ya sani sarai kwafar faifan ba za ta kai shan furar nan daɗewa ba. Ya kuma san waɗanda suka rubuta abin cewa suka yi a raba. Amma sai ya hango ranar kasuwa ta zo ba shi da dalilin zuwa Shagari, shi kuwa bai san yadda ake zuwa wurin mutum haka kawai ba, bai taɓa koya ba. Ya kafa wa kwamfuta ido ya ce, “Ba shi kwafuwa, Malam. Haka anka yi shi.”

“To, Allah shi kyauta,” in ji Malam, ya ci gaba da labarin wani tsohon hedimasta.

Wasu ma sun tambaya, ya ba su wannan amsar, har ta zama sananniya a yankin cewa faifan Mai Ƙugiya ba ya kwafuwa. Ƙarya ce, kuma ba ta da kyau. Amma wanda bai taɓa shekara da shekaru yana cin tuwo shi da bango ba, kada ya yi saurin yanke masa hukunci.

Ana nan, wata damina zazzaɓi ya kayar da shi. Ya kwanta a ɗakinsa, mai kemis na unguwa ya zo ya yi masa allura ya tafi. Wayar ta yi ta kuka a gefen katifa. Da fari ya ji daɗi, ya ce ashe ana ta tasa. Sai ya lura kowa ya kira zai ce Allah shi ƙara sauƙi, kafin ya amsa an ce, faifan hwa? Wannan ya yi masa ciwo fiye da zazzaɓin, ko da yake shi da hannunsa ya shirya abin ya zama haka. Da cajin wayar ya ƙare, ba wuta, ya bar ta a mace, ya juya fuskarsa bango.

Abin da ya sha'afa da shi shi ne bikin Nana Aisha, 'yar Malam Ubaidullahi ta fari. Sodangi ne ya rubuta katin ɗaurin auren kafin ya kwanta, shi ya zaɓi furannin gefe ma, amma ranar wuta ta ɗauke, janareta kuma ya ƙi tashi, aka bar bugawa sai kasuwa mai zuwa. Kasuwa ta zo, ba Sodangi. Malam ya kira waya ya ji a kashe. Lokaci ya ƙure, sai ya buɗe katin a kwamfuta, bai sa tabarau ba, ya jera takardun nan masu kauri da ruwan zinariya da ya sayo takanas daga Sakkwato, ya danna bugu ya tafi masallaci. Ya dawo ya tarar an buge su duka, kowanne da 'yan akwatuna fanko a inda ƙugiya take. Babu sauran takarda, babu lokacin komawa birni. Dattijon nan ya sa tabarau, ya ɗauki biro, ya bi katunan ɗaya bayan ɗaya yana cike akwatunan da hannu.

Sai bayan biki Sodangi ya sami ƙarfin hawa babur. Malam ya tarbe shi da murna, ya yi masa sannu da jiki, ya jawo aljihun tebur ya miƙo masa kati.

“Ga naka nan, na aje maka. Ban samu mai kai ma ba.”

Sodangi ya karɓa ya duba. Kalmar farko ma, ɗaurin aure, da akwati ta fara, a cikinsa ga harafin ɗa na biro ya karkace. Sunan mahaifin ango ma haka.

“Mutanen ango cewa sunka yi ba su taɓa ganin katin da anka yi ma tagogi ba,” in ji Malam yana dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba. Ya shafa gemu ya ce, “Ɗiyata ta hwari, kuma ni mai shagon bugu.” Can ya ce, “Ba laihinka ba na. Ciwo na.”

Ranar Sodangi bai taɓa furar ba. Ya so a ce Malam zaginsa ya yi.

Da ya koma Bodinga bai yi shawara da kowa ba, dama ba shi da abokin shawarar. Ya sayo tulin faifan da ba a buga komai a kai ba, ya zauna yana kwafa, yana rubuta yadda ake amfani da shi a bayan kowanne da alƙalami mai kauri. Na farko ya kai wa Malam, ya ce masa ya samo dabarar kwafa. Malam ya juya faifan a hannu, ya ce madalla, Allah shi saka da alheri. Daga nan Sodangi ya bi makarantu da shaguna da ofisoshi yana rabawa, wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. Inda ake buƙatar ɗaya ya ajiye biyar. Rabon ya yi shi da wani irin zafi, kamar mai kwashe kaya daga ɗakin da ke yoyo. An yi masa godiya, an sa masa albarka, wani hedimasta har ya ambace shi a gaban ɗalibai a filin taro. Ya ji daɗin wannan makon ƙwarai, kuma ya san na bankwana ne.

Abin da ya ji tsoro ya zo, kuma bai zo da faɗa ba. Ranar kasuwa ta gaba ya tafi Shagari don sabo, ya tarar babu tulin aiki a gefen tebur. Malam ya gama komai da kansa, har yana nuna masa da alfahari. Kujerar gaban kwamfuta Malam ne a kai, masu kawo aiki sun kewaye shi. Sodangi ya zauna a bencin masu jira, hannuwansa a kan gwiwa ba su san abin yi ba. An kawo fura, an sha, Malam ya yi ta zancensa yadda ya saba, amma shi bakinsa ya mutu, ya koma Sodangin bakin tabarma. Kafin la'asar ya ce ya ga hadari na haɗuwa, ya tafi. Kasuwa ta biye ya yi wanka, ya sa riga, ya tayar da babur, ya tsaya a ƙofar gida yana neman abin da zai ce ya kai shi. Bai samu ba, ya kashe babur ya mayar zaure.

Malam ya kira shi a waya, ba sau ɗaya ba. A ce kwana biyu, ya ce lafiya lau. A ce ya aiki, ya ce da godiya. Sai shiru ya biyo baya, har Malam ya ce to, sai an jima. Malam ya ɗauka aiki ne ya yi masa yawa a wani wurin. Sodangi kuwa ya ɗauka kara ce kawai ake yi masa. Da haka kiran ya yi ta ja da baya har ya tsaya.

Shekaru suka tura. Wayoyin hannu suka zo da ƙugiyoyinsu a ciki, ka danne baƙi, mai ƙugiyar ya fito da kansa. Kwamfutoci suka yi ta ramewa, sababbin ma ba su da ƙofar da ake tura faifai. Sodangi ya share keken mahaifinsa ya zuba masa mai, ya kafa shi a zaure yana faci da rage tsawon wando. Aikin ba ya kawo zance, mutum zai ajiye ya ce da yamma zai dawo. Faifan asali yana nan a jakarsa ta shadda, rataye a ƙusa sama da keken. Wasu yaran unguwar ba su ma san dalilin da ake ce masa Mai Ƙugiya ba, sun ɗauka wata ƙugiyar ɗinki ce.

Wata rana gab da kaka, wani manomi mai suna Isa, mutumin Dandin Mahe, ya shigo zauren da buhunan da yake so a yi wa faci. Ya ji wani ya kira sunan, sai ya waiwayo da sauri.

“Kai na Mai Ƙugiya? Mai faifan ga? Wallahi abinka shina aiki garinmu. Ba mu da kamatai.”

Ƙafar Sodangi ta tsaya a kan keke. Ya ce, “Har yanzu? Wace makaranta ta?”

“Kai dai taho ka gani da idonka,” in ji Isa.

Bai iya ƙarasa aikin ranar ba. Ashe akwai inda ba a manta ba. Ya wanke farar rigarsa ya sa mata bula, ya kai babur wurin bakanike aka busa masa, ya sauko da jakar shadda daga ƙusa ya kakkaɓe. Washegari a hanya har yana tsara abin da zai ƙara musu, domin ya san manhajar ta tsufa, kuma ya san inda take yawan tsayawa.

A Dandin Mahe Isa ya tarbe shi da fara'a, ya hau bayan babur yana nuna hanya. Suka wuce makaranta ba su tsaya ba. Suka wuce masallaci, suka fita bayan gari, har bakin wata gonar gero da ta yi kai ta sunkuya. Tun daga nesa Sodangi ya ga wani abu na walƙiya. An kafa sanduna an ja igiya daga wannan zuwa wancan, an rataye faya-fayan nan da ya raba a jere, iska na juya su, rana na dukansu suna watsa haske ko'ina. Garken tsuntsaye ya taso zai sauka, ya yi turus a sama, ya karkata ya nufi gonar maƙwabci. Sodangi ya matsa ya riƙe ɗaya. Ga rubutunsa nan a baya, rana ta kusa cinye shi, amma ana iya karanta inda ya ce a tura a danna.

“Makaranta sunka share sito sunka zubar, mu ko munka kwashe,” in ji Isa. “Tun da munka rataya su, tsuntsu bai zamna muna gero ba. Allah shi yi ma albarka. In kana da saura, don Allah ka kawo muna.”

Ba da gatse ya faɗa ba, iya gaskiyarsa ke nan. Sodangi ya rasa dariya zai yi ko kuka, sai wani abu ya fito daga maƙogwaronsa da ya yi kama da duka biyun. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sa hannu aljihu, ya zare faifan asali daga jakarsa ya miƙa. Isa ya yi godiya, ya zura igiya a ramin tsakiya ya ɗaure shi a ƙarshen layi.

Da ya fito bakin kwalta ya tsaya, babur na ƙugi. Can Bodinga ce, da zaure da keke. Nan kuwa Shagari ce. Ya tuna yau ranar kasuwa ce, bai taɓa daina lura da ita ba. Aljihunsa babu komai, ba shi da abin kaiwa, ba wanda ya kira shi. Ya juya kan babur ya nufi Shagari kamar mai zuwa gaban alƙali. Duk tsawon hanya yana shirya magana. Zai ce, Malam, ba aiki ya kawo ni ba, kai na zo gani. Ya maimaita ta har ta zauna masa a baki.

An yi wa shagon sabon fenti. Malam Ubaidullahi ya ƙara furfura, tabarau ya zama na kullum, yana zaune gaban wata siririyar kwamfuta, mutum biyu na jiransa. Ya ɗago kai, fuskarsa ta washe.

“Mai Ƙugiya! Kai na? Ikon Allah! Lahiya dai? Mi ak kawo ka?”

Tambaya ce da kowa ke yi wa kowa, ba ta da ƙaya. Amma tana shiga kunnen Sodangi maganar da ya shiryo ta gudu, ko ƙurarta bai gani ba.

“Hanya ta biyo da ni,” ya ce.

Ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba bai fita ba. Malam ya sallami mutanen nan yana satar kallonsa. Ya ga farar rigar da ta sha bula, wadda ba a sa wa don hanya ta biyo da mutum. Ya ga hannun da ke ta kaiwa aljihun gaba yana dawowa. Ya ga yadda wuyan rigar ya yi masa yawa.

“To, Malam, bari in kama hanya,” in ji Sodangi.

“Tsaya,” Malam ya ce. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. “Dama nemanka nikai. Faifan ga da ka ba ni, ya ƙi tashi ga wagga na'ura. Na yi, na yi, ya ƙiya. Ka duba mani.”

Sodangi ya dubi kwamfutar. Ya dubi gefenta na dama, ya dubi na hagu. Sumul take, ko tsagar da za a zura takarda babu, balle ƙofar faifai. Malam ya ga inda idonsa ya je, bai kawar da kai ba.

“Aiki na mai wuya,” Malam ya ce a hankali. “Ban ga alamar shina ƙarewa rana guda ba. Sai dai ka riƙa zowa ran kasuwa muna gwadawa.”

Kunya ta rufe Sodangi tun daga kai har tafin ƙafa, irin ta wanda aka leƙa ɗakinsa aka ga babu komai a ciki. Ya so ya juya ya hau babur kada ya sake waiwayar Shagari. Amma Malam ya riga ya tashi daga kujerar, ya jawo ta baya, yana riƙe da ita yana jira.

Sodangi ya shiga ya zauna. Ya ɗora yatsunsa a kan madannai. Ya gyara murya, ya fara yi wa Malam bayanin abin da yake zaton ya lalace.